Filin Tambaya da Amsa: "Anti, kullum sai in ce ran Litinin zan fara"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema. Ni matar aure ce, shekarata 34, yarana uku, tun haihuwar autana ƙiba ta sako ni a gaba, yanzu kilo 92 nake, kayan da na ɗinka bara ma duk sun matse ni, in na hau bene sai haki. Na sayi igiyar tsalle da kambas, ruwan ɗumi da lemon tsami kuwa na sha har na gaji, in na fara sai in yi 'yan kwanaki jikina ya yi tsami in watsar in ce sai ran Litinin, Litinin ɗin ta zo ta wuce. A gidan biki kowa sai ya tanka, maigidan ma da wasa yake faɗa amma wallahi abin na ci min rai. Ya zan yi in samu ƙwarin gwiwar farawa kuma in ɗore? – Maman yara uku, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Toh gaskiya in ƙwarin gwiwa kike jira ya zo ya tashe ki, za ki daɗe a zaune. Ba shi ke zuwa farko ba, sai kin motsa jiki ya ji daɗi, barci ya gyaru, hakin nan ya ragu, sannan zuciya ke biyowa da kanta. Waɗanda kike gani suna fita atisaye kullum su ma ba kullum suke jin yi ba, sabo ne ke jan su.

Kuma fa ba lalaci ke damun ki ba, farawar ce kike yi da zafi. Mai kilo 92 da ta daɗe ba ta motsa ba ta ɗauki igiya ta hau tsalle a kan siminti, ai dole gwiwa da idon sawu su kawo ƙara, washegari ko ruku'u da ƙyar, sai zuciya ta ce wannan abin azaba ne. Ki rataye igiyar nan tukuna. Ki fara da tafiya ta minti 10 kawai, ko da zagaye tsakar gida ne ko falo, ki ɗaura ta a jikin abin da ba kya fashinsa, wato salla: kina sallame asuba kafin yara su tashi, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, don zafin Kano na Maris da Afrilu ba na wasa ba ne. Kambas ɗin ki ajiye shi kusa da dadduma tun da dare. Ranar da kika ji kasala ki ce wa ranki minti 5 zan yi in dawo, yawanci in an fara sai an ƙarasa. Ai ko a ibada hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Daga minti 10 sai ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk sati. Inda ake son ki kai shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa manya, minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar ya kai ki ƙofa, sai kwana biyu na ƙarfafa tsoka, irin tashi-zauna daga kan kujera ko ɗaga gorar ruwa. Yadda za ki gane saurin ya isa: kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Taku 10,000 da ake ta yayatawa kar ya tsorata ki, asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a shekarun 1960, ƙasa da haka ma yana da amfani sosai.

Kar kuma ki ce sati biyu ya isa abu ya zama jiki. Wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya gano cewa a tsaka-tsaki sai an yi kamar kwana 66 kafin sabon abu ya zama ɗabi'a, wasu ƙasa da haka wasu sun ninka, kuma fashin kwana ɗaya bai ɓata komai ba. Kin ga ke nan in baƙi sun zo ran Laraba ko yaro ya kwana da zazzaɓi, Alhamis ki ɗora daga inda kika tsaya, ba ruwanki da jiran Litinin.

Yanzu ga maganar da ba kowa ke son ji ba. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa in baki bai canza ba. Lemon roba guda mai 50cl yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 200, sukarin ciki ya haura cokalin shayi 10, kusan duk abin da kika ƙona a tafiyar rabin awa ke nan, ki shanye shi a zama ɗaya. Haka zoɓo da kunun aya da ake zabga wa suga, da shayi mai kauri da biredi, da fanke da ƙosai tsamo-tsamo da mai. Ban ce ki daina cin tuwo ba, haba, amma malmala biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su fi yawa, kwaɗon zogale ko rama da wake su samu wuri. Shi kuma shayin rage ƙiba da ake talla a Instagram da TikTok, da yawansu maganin sa zawo ne irin filasko a ciki, ruwa kike zubarwa ba kitse ba, ki riƙe kuɗinki.

Sikeli ma ki rage hawansa, sau ɗaya a sati da safe ya wadatar, shi ne babban mai kashe wa mata gwiwa. Rabin kilo zuwa kilo 1 a sati shi ne saukar da ake so. Kuma ba sai kin koma jikin 'yanmatanci ba kafin ki ci riba, sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, a wajenki kilo 5 zuwa 9, yana taimaka wa hawan jini da suga. A Amurka an bi mutum sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka ɗora kan gyara abinci da motsin minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Wannan ya fi surutun gidan biki nauyi, su dama ko kin rame cewa za su yi lafiya kuwa?

Ki nemi abokiyar tafiya, maƙwabciya ko ƙanwar miji, don kunyar barin mutum tsaye a ƙofar gida ta fi agogo iya tada mai barci. Maigida kuwa ki gaya masa a nutse cewa wasan nan yana sosa miki rai, sannan ki ce ya taso ku taka tare bayan isha'i, shi ma ina kyautata zaton akwai ɗan abin saukewa. In kina da hawan jini, suga, asma, ko tiyata aka yi miki a haihuwar ƙarshe bai daɗe ba, ki ga likita kafin ki ƙara ƙaimi, in kuma kika ji ciwon ƙirji ko jiri kina cikin tafiya ki tsaya nan take ki je asibiti.

TAMBAYA: Hajiya ni ɗan kasuwa ne, daga safe har magariba ina zaune a shago, tumbi kawai ke damu na. Bel ɗin ɗaure ciki da ake sayarwa yana aiki? – Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Malam ba ya aiki, gumi kawai zai sa ka, kana shan ruwa abin ya dawo. Atisayen ciki ma tsoka yake ƙarfafawa amma ba ya zaɓar kitsen wuri guda ya narkar, in nauyin jiki gaba ɗaya ya sauka tumbin zai bi. Ka ari tef wajen tela ka auna ƙugunka ta wajen cibiya, ana so ya gaza rabin tsayinka, in tsayinka santimita 170 ne kar ya kai 85. Ka riƙa tashi duk bayan awa guda, masallacin da ya ɗan fi nisa shi za ka je azahar da la'asar a ƙafa, tsiren dare da lemo kuma a bar su sai ran Juma'a.