Doki a kusurwar allo yana ba ni tafiya takwas, ina matsalar take?

Tambaya: Ina koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na kuma ɗauki wasan ces a matsayin atisaye. Na rubuta 'yar manhaja mai lissafa gidajen da doki zai iya sauka. Idan yana kusurwar h8 tana ba ni gida 2, wanda daidai ne, amma a kishiyar kusurwar, wato a1, sai ta ba ni 8. Me ke faruwa, kuma wane atisaye zan yi bayan wannan?

Amsa: Da alama ka bar wa Python aikin gane bakin allo, wato kana jira ta yi ƙorafi idan doki ya fita waje, sai ka tsallake wannan tafiyar. A h8 dabarar tana aiki, domin a Python ana ƙirga layukan allon daga 0 zuwa 7, gidan kuwa shi ne 7 da 7, kuma da zarar lamba ta kai 8 ko 9 Python za ta ce babu wannan gurbin. Amma a1 shi ne 0 da 0. Idan ka rage ɗaya ko biyu, za ka samu -1 ko -2, su kuwa halastattun lambobi ne a wajen Python: -1 na nufin gurbi na ƙarshe a jeri. Dokin naka ya fita ta hagu ya ɓullo ta dama, ba wanda ya tanka masa.

Maganin shi ne ka duba da kanka kafin ka taɓa allon: layin kwance da na tsaye, kowanne ya kasance tsakanin 0 da 7. Daga nan ka gwada gidaje 64 ɗin duka, ka tara tafiye-tafiyen. A allon da babu kowa jimillar 336 ce. In ka samu wata lamba daban, da sauran gyara.

Wannan ne ma ya sa ces ta dace da mai koyo: kusan kowane atisaye yana da amsar da aka riga aka sani, ba sai ka yi ta zato ba.

Bayan doki sai sarauniya. Ita ba ta tsallake kowa, don haka za ka bi kowace fuska daga cikin takwas gida-gida, ka tsaya idan ka ci karo da ɗan wasa. In na abokin karawa ne, ka ƙirga gidansa tunda ana iya cinye shi. In naka ne, ka tsaya kafin ka kai gare shi. A nan yawancin masu koyo ke zarcewa da gida ɗaya. Sarauniya a d4, ɗaya daga gidajen tsakiya, ita kaɗai a allo, gida 27 take gani.

Sai matsalar sarauniyoyi takwas, wadda Max Bezzel ya gabatar a 1848: a jera su a allo ba tare da ɗaya tana iya cin wata ba. Kada ka ce za ka gwada kowane tsari, hanyoyin zaɓen gida 8 daga 64 sun haura biliyan 4. Ka sa ɗaya a kowane layi, in ka maƙale ka koma baya ka matsar da ta baya. Biyu suna kan layin karkace ɗaya idan tazararsu a kwance ta yi daidai da tazararsu a tsaye. Amsoshin 92 ne.

Cikakkun dokokin wasan ka bar su sai ƙarshe, musamman sharaɗin cewa ba a barin sarki cikin hari. Idan ka kai can, ƙirga halastattun hanyoyin da wasa zai iya bi daga farko, kowane mataki tafiya ɗaya ce ta ɓangare ɗaya: 20 a mataki na ɗaya, 400 a na biyu, 8,902 a na uku, 197,281 a na huɗu.