Tambaya da Amsa: Bangon LED zai raba mu da zuwa lokeshin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a ƙauyenmu, muna ɗaukar gajerun finafinai muna ɗorawa a YouTube. Na ji wai Turawa sun daina fita daji, a ɗaki ɗaya suke ɗaukar komai a gaban wani ƙaton allo. Yaya abin yake, kuma irinmu za mu iya? Daga mai karatu a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba su daina fita ba, amma zancen yana da tushe. Abin ya yi suna ne a 2019 da shirin The Mandalorian, inda kamfanin ILM ya jera allunan LED, wato allunan nuna hoto masu fitar da haske, guda 1,326 suka zama bango mai tsayin kusan mita 6, ya kewaye fili mai faɗin kusan mita 23. Fiye da rabin zangon farko a cikinsa aka ɗauka.

Kada ka ɗauka bidiyo kawai ake kunnawa a bayan jarumi. Ana gina wurin ne a kwamfuta da manhajar Unreal Engine, sannan wasu na'urori su riƙa bibiyar inda kyamara take. Ta matsa dama, hoton bango ya sauya nan take. Ka tuna yadda kake gani daga tagar mota a hanyar Ringim zuwa Kano: darbejiyar bakin titi tana wucewa fuu, amma kukar da ke can cikin gona da ƙyar take motsi. Wannan bambancin kwamfutar ke kwaikwaya, shi ke sa ido ya yarda akwai nisa. Ga kuma haske: jan faɗuwar rana da ke kan bango shi ne zai sauka a fuskar jarumi, ya fito a tabarau da jikin mota, abin da koren ƙyalle, wanda ake sawa a bayan jarumi a cire a kwamfuta a sa wani hoto, ba ya iyawa.

Yana da nasa ciwon kai. In kyamara ta kafa ido a kan bangon, ɗigogin allon sukan haifar da wasu layuka masu rawa, shi ya sa ake nesanta jarumi da shi, a bar bayan ya ɗan dusashe. In lokacin da kyamara ke ɗaukar hoto da lokacin da allo ke sauya nasa ba su zo ɗaya ba, baƙaƙen layuka za su ratsa hoton. Zafin ranar azahar ma bangon ba ya iya kawo shi, sai an ƙara fitila. Kuma dole a gama gina wurin kafin ranar ɗauka, babu batun "a bari sai wajen editin".

Batun ku iya kuwa, yi lissafin wuta. Allo ɗaya mai rabin mita kowane gefe yakan ci wat 100 zuwa 200. Bango mai mita 6 da mita 3 allo 72 ke nan, wato kilowat 7 zuwa 14, ban da kwamfutoci da na'urar sanyaya ɗaki, ban da ƙurar hunturu. Janaretan shagon caji ba zai ko tayar da shi ba.

Amma ku gwada ƙanensa da talabijin mai inci 55 ko 65, musamman a fitowar cikin mota. Ku fara ɗauko bidiyon hanya ta tagar gefe, daidai tsayin da kyamara za ta zauna daga baya. Sai ku ajiye motar a wuri mai duhu, talabijin na nesa da taga mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kyamara a kan ƙafarta, kada ta motsa, don talabijin bai san ta motsa ba, nan take asiri zai tonu. A saita kyamara ta ɗauki firem (hoto) 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da take buɗe wa haske a kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In layuka sun fito, a gwada 1/60. A ɗan karkata talabijin kada fitilarku ta bayyana a gilashinsa. Mutum ɗaya ya riƙa jijjiga motar a hankali, wani ya riƙa gilma tocila ta saman gilashi in dare ne.

Tambaya: Na sayi koren yadi, amma bayan cire shi a kwamfuta sai gefen mayafin jaruma ya rage kore. Me ya jawo? Daga mai karatu a Bichi, Jihar Kano.

Amsa: Ta matsa kusa da yadin da yawa ne, korensa yana dawowa jikinta. Ku ba da tazarar mita 2 aƙalla. A goge yadin, a ɗame shi da ƙusa ko igiya, don kowace tattara inuwa ce, kuma kwamfuta na ganinta a matsayin wani launi dabam. Yadi mai sheƙi ba ya yi. In babu fitilu, inuwar rumfa da safe ta fi tsakar rana, saboda hasken yana bazuwa daidai. Mayafi mai shara-shara shi ma yana wahalarwa, kore na ratsa shi, gara mai kauri. A ɗaga shata zuwa 1/100 don gefen hannu ya fita tsaf in tana motsi. Manhajar editin ta DaVinci Resolve ta kyauta tana da wurin rage koren da ya zuba a jiki. Kafin ku kunna kyamara, ku duba hoton da za ku sa a baya: in rana ta hagu take a cikinsa, to hasken jaruma ma ta hagu zai zo.