Ƙanena ya daina sallah, ta ina zan ɓullo masa?

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya dawo daga karatu yana cewa bai yarda da addini ba, kuma duk hirarku sai ta ƙare da faɗa. Don Allah kada ki tare shi a tsakar gida gaban Hajiya; kunya za ta ƙara masa taurin kai. Ki kai masa shayi ɗakinsa bayan isha'i, ki tambaye shi me ya girgiza masa zuciya, ki saurara har ya gama. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta mushrika da ta ziyarce ta a Madina, ya ce ta sada zumunci da ita. Tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce masa za ki tuntuɓi malami. Da azumi kuma ki riƙa ajiye masa kununsa.