Amsar tambaya: me ke korar ƙudan zuma bayan an ɗiba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya ce amyoyin da suka gada a gidansu, duk sanda aka ɗebi zuma sai ƙudan su watse, amya ta zauna wayam. To malam, yawanci hannun mai ɗiba ne ke korarsu.

Ka ga, cikin amya kashi biyu ne. Wajen ƙofa nan sarauniya ke zuba ƙwai, nan 'ya'ya suke. Zumar kuwa can ƙurya suke tara ta. Shi ya sa ake so amyar gargajiya ta samu murfi ta baya, ta nan za ka buɗe. Kana yankan saƙa ɗaya bayan ɗaya, da ka iso wadda ke da fararen tsutsotsi a ramukanta, ko rufi mai ruwan ƙasa da ya ɗan taso, to ka dakata. 'Ya'ya ne waɗannan. Daga ƙwai zuwa ƙuda mai aiki kwana 21 ne, ita kuma mai aikin in ana tsakiyar fure da ƙyar take wuce sati shida. In ka yanke 'ya'yan, wa zai maye gurbin masu mutuwa?

Sai batun wuta. Don Allah a daina cusa harshen wuta cikin amya. Yana ƙone musu fukafukai, ya narka kaki, wani lokaci har sarauniya ta tafi, ga zumar ta ɗauki ƙauri. Hayaki mai sanyi ake so, fari, wanda in ka tara bayan hannunka ba ka jin zafi. Ka busa sau biyu ko uku a ƙofa, ka jira kamar minti biyu, sannan ka buɗe. Da yamma lis ya fi.

Wace saƙa za ka cira? Wadda suka rufe da farin kaki, aƙalla kashi uku cikin huɗu nata. Wadda ba a rufe ba ɗanya ce, in ka girgiza ta za ka ga tana ɗiga. Ruwan cikin zuma in ya haura kashi 20 cikin 100 sai ta yi kumfa ta yi tsami a cikin kwalba.

Kuma kar ka kwashe tas. Ka bar musu kamar kashi ɗaya cikin uku, shi za su ci lokacin da babu fure. Yunwa kaɗai ta isa ta sa su ƙaura.

Wajen tacewa, ka farfasa saƙar a bokiti mai tsabta, ka juye kan ƙyalle mai laushi, ka rufe, ta kwana tana tsiyaya. Kar a ɗora ta a wuta. Kakin da ya rage kar ka zubar, ka narka shi a ruwan zafi, ka riƙa shafawa cikin sabuwar amya, ƙamshinsa na janyo su.

Af, na kusa mantawa. Ka mayar da murfin ka liƙe shi sosai, don tururuwa da kwarkwasa suna bin ƙamshin zumar da ta ɗiga. In amyar a rataye take, ka shafa giris a wayar da aka rataye ta da ita. Sannan ka ajiye musu ruwa a kusa, da tsakuwoyi a ciki, don su samu wurin sauka kar su nutse.