Kada ka matse zanen babban gida a kan filin yayanka

Yarona, na ji saƙonka. Ka ce yayanka ya samu fili ƙafa 50 tsawo 50 faɗi a can bayan Rigasa, kuɗin hannunsa ba yawa, yana son ɗan gida mai sanyi wanda ba zai riƙa cin kuɗin wuta da na gyara ba, kai kuma kana tambaya ko ka ɗauko zanen gidan nan mai ɗaki uku da muka gama kwanan baya ka matse shi ya shiga filin, sannan bulo za a sa ko tubali. Na ji daɗi da ka tambaya tun ba a sa diga a ƙasa ba.

Kada ka matse wancan zanen, don Allah. In ka matse shi ɗakunan za su koma 'yan mitsi-mitsi, koridon da ba mai kwana a cikinsa ya cinye wuri, ginin ya manne da katanga ta kowane ɓangare, iska ta rasa ta inda za ta shiga. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12, falo 12 da 14, kicin da ɗan sito, banɗaki ɗaya a ciki, duka wajen murabba'in mita 60 kenan, filin kuma ya ɗan haura 230. Kaga gini ya ci kwata, saura ka bar wa tsakar gida, kuma ba asara ba ce, ai mu rabin zamanmu a tsakar gida yake, nan ake girkin gawayi, nan ake wanki da shanya, nan yara ke wasa, nan ake shimfiɗa tabarma da daddare in Maris da Afrilu sun matsa, ran suna ma nan mata za su zauna. Ka kuma ware gefe ɗaya tun a zane inda zai ƙara ɗaki in Allah ya hore, don kada wata rana a fasa bango.

Kafin ka ja layi ko ɗaya ka je filin da la'asar ka tsaya ka ga inda rana take duka. Dogayen bangon su kalli kudu da arewa, nan za ka sa manyan tagogi suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Bangon yamma shi ne mai shan wahala, tun daga azahar rana ke gasa shi, ya riƙe zafin ya sake shi cikin dare, shi ya sa za ka ga mutum ya kunna fanka amma zafi take kaɗo masa. To banɗaki da sito ka jera a yamma su tare wa ɗakin kwana. Gabas kuma ka san daga nan hadarinmu ke tasowa, ruwa da iska nan suke fara duka, tagar wajen ta zama ƙarama, filasta ta yi kyau.

Maganar tubali. Wallahi raina ƙasa da ake yi yanzu yana min ciwo, kamar sai wanda ya rasa ne ke gini da ita. Masallacin Juma'a na Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, har yau masu karatun zanen gini suna zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suka tallafe rufinsa. Akwai wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar rata iska na ratsawa, a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Nan kusa da mu ma a ƙauyen Yelwa an yi gida da robobin ruwa cike da yashi a 2011, amma wannan ba zan ce ka fara da shi a gidan mutum ba.

Abin da ƙasa ta fi bulo da shi kauri ne da nauyi, zafin rana kafin ya ratsa bango dare ya yi, shi kuwa bulo inci 6 mai rami, musamman irin wanda ake tsuga wa yashi don buhu ɗaya ya fitar da da yawa, nan da nan yake ɗaukar zafi. Ni shawarata bulon jar ƙasa na inji. Ka kwashe baƙar ƙasar sama ka ajiye gefe, ba a gini da ita. Ka ɗebi ta ƙasa a kwalba ka zuba ruwa ka girgiza ka bari ta kwana, za ka ga yashi ya kwanta a ƙasa laka a sama, ana son yashin ya fi yawa, in laka ta yi yawa bulon zai tsage sai ka ƙara yashi. Siminti kwano 1 ga ƙasa kwano 15 zuwa 20, a danne da inji, a rufe da leda a inuwa ana yayyafa ruwa, a ba shi sati huɗu. Gaggawa a nan ita ke ɓata aikin har a ce ƙasa ba ta da ƙarko.

Amma fa ƙasa ba ta shiri da ruwa, don haka wuri biyu ba a tsumulmula. Fandisho da kankare da bulo inci 9 cikakke, ya tashi aƙalla bulo biyu sama da ƙasa, a sa maganin gara, a shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe. Sai rufi. Bakin kwano ya leƙo ƙafa 2 ko ma 3 ya kare bango daga rana da feshin ruwa, katakon a ɗaure shi da ƙarfe cikin linta saboda iskar farkon damina da ke yaye rufi. Wannan yayin na ɓoye kwano a bayan bango ka bar shi, gata, wato magudanar ruwan rufi, na toshewa ruwa ya bi bango. Dogon rufin nan mai tsini ma kuɗin katako ne kawai. Silin ya kai ƙafa 10, ka bar ƙofofin iska masu raga a sama zafi ya riƙa fita, kwanon kuma mai haske ya fi mai duhu sanyi.

Ruwan sama kada ya tafi a banza. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, Kaduna kuma tana samun sama da milimita 1,000 a shekara, kaga rufi mai murabba'in mita 70 zai zubo lita 70,000, jarka 2,800 kenan ta 'yan garuwa. Gata da tanki kawai ake buƙata, ruwan farko a bar shi ya wanke ƙurar hunturu. Sola ko ba kuɗi yanzu ka binne fayif ɗin waya, faifan solar in an samu ya kalli kudu. Tsakar gida kada a shafe ta duka da siminti, a bar ƙasa ta sha ruwa, a dasa bishiya ta yamma nesa da fandisho.

Rijiya da sokawe kuma a ƙaramin fili nan ake cutar da iyali ba a sani ba. A ƙalla mita 15 tsakaninsu, filin naku gaba ɗaya faɗinsa kenan, dole ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, kuma ka leƙa ka tambayi maƙwabta inda nasu ramin yake. Ka tambaye su har da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ka duba gindin katangunsu ko akwai shaidar ruwa, wanda ya ga ambaliyar 2003 a garin nan ba ya wasa da wannan.

Ka ce wa yayan naka ya tabbatar da takardun filin a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, zanen kuma a kai wa mai zanen gini mai lasisi ya daidaita ya sa hatimi a nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin a kafa turke. Ran Asabar ka zo min da abin da ka zana da ƙasar filin a leda, mu gwada ta tare.