Wasa a aji, ba zai ɓata darasi ba?

Tambaya: Salam Anti, ni malamar firamare ce, da an fara lissafi sai yarana su hau hamma da gyangyaɗi. An ce in gwada wasanni amma ina tsoron aji ya koma kasuwa, ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikis salam malama. Ki gwada, amma wasan ya zama shi ne darasin. Misali ki dunƙule takarda ki jefa wa yaro ki ce bakwai sau shida, ya ce 42 ya jefa wa wani da tasa tambayar, kowa zai zauna a shirye don bai san kan wa za ta faɗo ba, kuma ƙoƙarin tuno amsa da ka ɗin nan ya fi maimaita karatu sa abu ya zauna.

Ki cakuɗa masu ƙoƙari da masu jan ƙafa a rukuni ɗaya, in ba haka ba yara uku ne za su riƙa cinyewa kullum. Wanda ya faɗi kar ki fitar da shi, ai shi ya fi buƙatar wasan. Surutu kam sai an yi, ki sa musu alama, kin tafa sau biyu kowa tsit. Minti goma ya isa.