Me ya sa kashin ƙarshe na shiri mai dogon zango yake yawan ɓata wa masu kallo rai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Agege ce a Legas. Na daɗe ina bin wani shirin Hausa mai dogon zango a YouTube, duk mako sai na ware kuɗin data dominsa. Da aka saki kashin ƙarshe sai na ji kamar an cuce ni, domin mutumin da ya yi zango uku yana ƙulla sharri ya tuba a cikin 'yan mintuna, aka ɗaura auren da ake jira, aka tashi. Yayata ta ce ƙorafi ne kawai nake yi saboda labarin bai ƙare yadda nake so ba. Shin akwai ma'aunin gane ƙarshe mai kyau, ko kuwa kowa da ra'ayinsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai ma'auni, kuma abin da kika bayyana ya wuce son rai. Shiri mai dogon zango kamar adashi yake: mai kallo yana zubi duk mako da lokacinsa da kuɗinsa, kashin ƙarshe kuma shi ne ranar kwasa. Ba lallai ne mai kallo ya sami ƙarshen da ya yi fata ba, amma yana da haƙƙin a ba shi ƙarshen da ya fito daga halayen mutanen da aka daɗe ana nuna masa. Idan jarumar da kike ƙauna ta mutu ta hanyar da labarin ya share tun da wuri, za ki ji zafi amma ba za ki ji an yaudare ki ba.

Mu ɗauki tuban da kika ambata. Babu aibi a ce mugu ya tuba, kuma masu kallonmu sun saba da labarin da ke ƙarewa da shiriya. Aibin yana wajen yadda aka kai ga tuban. Marubucin da ya san aikinsa yakan fara dasa alamu tun ana saura kashi biyar ko shida: a nuna mutumin ya ga sharrinsa ya faɗa kan 'yarsa, a nuna shi riƙe da takardar gidan marayun da ya ƙwace, yana jujjuya ta ya kasa sa hannu, a nuna abokin ƙullinsa ya lura cewa ya fara sanyi. Ranar da ya durƙusa neman gafara kuma, a bar wanda aka zalunta ya yi jinkirin yafewa, domin haka mutane suke. Saboda haka ki koma ki sake kallon kashi shida na ƙarshe. Idan kin tarar da irin waɗannan alamu kin tsallake su, yayarki ta fi ki gaskiya. Idan babu su, laifin na marubuci ne, kuma ya aikata shi makonni kafin ranar da kika ji haushin.

Wannan matsala ba ta tsaya ga masu ƙaramin jari ba. Shirin Game of Thrones na Amurka, wanda aka fara a 2011 aka kammala a watan Mayun 2019, ya yi zango takwas. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne, na bakwai kashi 7, na ƙarshe kashi 6 kacal. A kashi na biyar na zangon ƙarshe, sarauniyar da aka shafe shekaru ana nuna ta tana 'yantar da bayi ta ƙona babban birni da mutanen cikinsa, alhali an riga an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake yin zangon. Da yawa daga masu sharhi sun yarda cewa akwai alamun zafin zuciya a tattare da ita tun da farko, abin da suka ƙi shi ne gaggawar da aka yi wajen juya ta. Sai a kwatanta da Breaking Bad, da ya ƙare a 2013 bayan kashi 62. Malamin kimiyyar da ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi ya daɗe yana cewa don iyalinsa yake yi, sai a kashin ƙarshe ya tsaya gaban matarsa ya amsa cewa don kansa ya yi. Masu kallo sun daɗe da sanin haka, amma jin sa daga bakinsa shi ne abin da suke bin shirin bashi, kuma an biya su.

Ba kuma dole ne a warware komai ba. A 2007 shirin The Sopranos ya ƙare da iyali suna taruwa a gidan cin abinci, sai hoto ya ɗauke, allo ya yi baƙi na wasu daƙiƙu ba sauti, har mutane da dama suka ɗauka na'urarsu ce ta lalace. Da a Legas ne da NEPA za a fara zargi. Har yau ana gardama a kansa, amma gardama ce kan abin da mai shirin ya yi da gangan, domin duk shirin an gina shi ne kan mutumin da bai san ta inda ajalinsa zai ɓullo ba.

A ganina, babban abin da ke kayar da namu shirye-shiryen shi ne tsarin da ake yin su a kai. Tsofaffin wasannin talabijin irin su The Village Headmaster, da aka fara a nan Legas a 1968, ko Samanja a Kaduna, galibi kowane kashi da matsalarsa kuma a cikinsa ake warware ta, don haka babu wani nauyi da ake tara wa ranar ƙarshe. Tinsel, da aka fara a Legas a 2008, an tsara shi ne don ya yi ta tafiya. Super Story kuwa, tun 2001, labari ɗaya yake ɗauka ya kai shi ƙarshe sannan ya buɗe wani. Yawancin shirye-shiryen Hausa na YouTube sun haɗa biyu: suna tafiya kamar ba za su ƙare ba, amma suna yi wa mai kallo alkawarin amsa guda, wato wa za ta aura, yaushe asiri zai tonu. Tunda kuɗin shiga daga talla da yawan masu kallo yake zuwa, furodusa ba ya son rufe shirin da ke kawo kuɗi, sai a yi ta jan labari. Sau da yawa ana rubutu ne ana ɗauka ana sakewa. Jarumi na iya janyewa a tsakiyar tafiya, kamar yadda ya faru a shirin Labarina har aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya, kuma irin wannan yakan tilasta wa marubuci karkata daga inda ya nufa. Ranar da masu kallo suka ragu ko jari ya ƙare, sai a tattara zaren da aka yi shekara biyu ana warwarewa a ƙulle shi a kashi ɗaya, kuma tuba da ɗaurin aure su ne hanya mafi sauƙi da arha.

Haka abin yake ga kashin da ke rufe zango. Shirin Dallas ya rufe zango a 1980 da harbin babban mugun labarin, aka bar duniya tana tambayar wa ya harbe shi har watanni, kuma aka ba da amsa. Amma a 1986, don a dawo da jarumin da aka riga aka kashe, sai aka ce duk zangon da ya gabata mafarki ne, masu kallo da yawa kuma ba su yafe ba. Idan kina bin wani shiri yanzu, ki lura ko ana yawan shigo da sababbin mutane alhali tsofaffin rigingimu na nan a rataye, ko ana cika kashi da maimaita abin da ya riga ya wuce. Waɗannan alamu ne cewa masu shirin ba su riga sun yanke inda za su tsaya ba.